Kyamarar tana ɗaukar ciyawa, dabbar kuwa ko wutsiyarta ban gani ba

Mai lambu: Assalamu alaikum jama'a. Don Allah ku taimaka mini, abin ya fara damuna. Wata uku ke nan kullum da safe nake tarar da ramuka a gindin shukokin da ke bayan gidanmu, ga sawun ƙafa ƙanana a inda ƙasa ta jiƙe. 'Yata ƙarama ta dage bushiya ce, tun da ta taɓa ganin guda ɗaya da magariba a bara, har suna ta sa mata. Yarinyar ta daɗe ba lafiya, ba ta fita sosai, kuma na yi mata alkawarin zan nuna mata hoton bushiyar. Shi ya sa na sayi irin kyamarar nan da ake ɗaurewa a bishiya, mai ɗaukar hoto da kanta idan wani abu ya gifta. Kwana goma sha biyu tana ɗaure. Hotuna sun haura 900, duk ciyawa ce da katanga. Na dare guda huɗu ne kawai, su ma fari fat. Batir ya mutu sau biyu. Kyamarar ce ta lalace ko ni ce ban iya ba?

Tsohon hannu: Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, kyamararki lafiya lau take. Ba ki faɗi inda ta fuskanta ba, ba ki faɗi tsayin da kika ɗaure ta ba, alhali nan maganar take. Idon da ke tayar da ita ɗumi yake ji, wato abu mai ɗumi da ke motsi. Rana ta gasa ciyawa, iska ta kaɗa ta, sai kyamara ta ɗauka dabba ce. Idan kuma gabas ko yamma take kallo, hantsi da la'asar za su cika miki katin memori da hotuna. Ki juya ta arewa ko kudu, ki sare duk ciyawar da ke gabanta, ki sauko da ita kamar santimita 30 daga ƙasa.

Baban biyu: Ni dai shawarata ki zuba ɗan abinci a gabanta, kowace dabba ce za ta tsaya. Amma ki lura da maƙwabta. Tawa da na ɗaure, maƙwabcina ya zo har gida wai iyalinsa nake leƙe, alhali ƙasa take kallo. Shekara guda ke nan ba ma gaisawa, kuma ni ne na taimake shi lokacin da katangarsa ta faɗi.

Tsohon hannu: Kada ki zuba komai. Gafiya da ɓeraye za ki tara, muzuru ya biyo su, ita bushiyar ta ƙaurace. Dabbar da ta saba da ciyarwa ma ta daina halinta na asali, to hoton me za ki ɗauka ke nan?

Mai lambu: Malam na gode. Yamma take kallo, a daidai ƙirjina na ɗaure ta na karkato da ita ƙasa. Amma bishiyar nan ita kaɗai ce a wurin, kuma ciyawar ba zan sare ta ba, a ciki nake zaton take ɓuya. In na share wurin ai na kore ta da hannuna.

Tsohon hannu: Wa ya ce sai bishiya? Kafa turke ki ɗaure ta. Ciyawar kuma ba duka ba, mita biyu na gaban kyamara kawai. Farin da kike gani da dare, fitilar infirared da kyamarar ke haskawa da ita da dare ce ta bugi abin da ya yi kusa da yawa. Yawancin waɗannan kyamarori ba sa fitar da abin da ke ƙasa da mita ɗaya ko ɗaya da rabi da kyau. Ki ja baya, ki rage ƙarfin fitilar idan taki tana da wurin ragewa. Sannan kada ta kalli hanyar dabbar kai tsaye, ki sa ta a kaikaice, domin idon ya fi jin abin da ya ratsa ta gabansa fiye da wanda ya nufo shi. Ki sa ta ɗauki hoto uku a jere, ko bidiyo na daƙiƙa 10.

Antin yara: Allah ya ba yarinya lafiya. Bidiyo kam yana cin batir sosai da dare, kar ki fara. Ki nemi na lithiyam, sun fi na alkalin daɗewa. Ni nawa ƙorafin katin memori ne, na sayi biyu duk jabu, hotunan mujiya da na shafe wata biyu ina jira suka ɓace, har kuka na yi.

Ɗan ƙaninku: Anti, kin tabbata bushiya ce? Idan damo ne ko wani mai jan ciki, jikinsa zafin wurin yake ɗauka, kyamarar ba lallai ta ji shi ba. Sai dai ki saita ta ta riƙa ɗauka duk bayan minti ɗaya ko biyu.

Tsohon hannu: Damo da rana yake yawo, ita kuma da safe take tarar da ramukan. Ɗauka duk minti ɗaya kuwa hoto 1,440 ne a kwana, batirin da ke mutuwa yanzu ina zai kai? Abin da na faɗa tun farko shi ne maganin.

Mai lambu: Ba na jin damo ne, sawun ƙanana ne. Turken ma ina tsoron yara su tumɓuke shi, kuma wanda ya sayar mini cewa ya yi a ɗaga ta sama saboda ruwa. Na dai rage mata ƙarfin ji kamar yadda littafin cikin kwalin ya nuna, a nan inda take.

Tsohon hannu: Rage ƙarfin ji zai rage hoton ciyawa, amma ƙaramar dabba ma za ta wuce ba ta tayar da ita ba.

Mai lambu: Yau da safe hoto 41, babu na dare ko ɗaya, ga sabon rami a ƙarƙashin kyamarar. Yarinyar ta sake tambayata. Akwai wanda ya taɓa samun bushiya ba tare da ya sare ciyawa ba?