Mun tare a gindin tsauni a Kalifoniya: ta ina zan fara kare gidan daga gobarar daji?

Baban Sadik:

Assalamu alaikum. A watan Afrilu muka tare a gidan da muka saya a wata unguwa da ke gindin tsauni a gabashin Los Angeles, kuma bayan gidan babu komai sai ciyawa da ƙananan itatuwa iya ganin ido. Lokacin da muka shigo ciyawar kore ce shar, amma yanzu ta bushe ƙayau, domin a nan da sanyi ake ruwan sama, watannin zafi kuwa sukan wuce babu ko yayyafi. Gobarar dajin da ta ci garin Altadena, kusa da Los Angeles, a watan Janairun 2025 ba ta bar zuciyata ba, ga shi ina tare da yara uku da mahaifiyata wadda tafiya take yi mata wuya. Ina roƙon waɗanda suka daɗe a nan su nuna mini aikin da ya kamata in fara da shi.

Malam Na-Sakramento:

Wa alaikumus salam, Allah ya sanya alheri a sabon gida. Dokar jihar ta wajabta wa mai gida a irin wannan wuri ya rage ciyawa da kirare har tsawon ƙafa 100 daga jikin gini, wato kimanin mita 30, ko zuwa iyakar filinsa. Ka yi wannan, amma kada ka ɗauka ka gama, domin yawancin gidajen da suke ƙonewa tartsatsi ne yake kama su, wanda iska take ɗauka ta jefa shi fiye da kilomita ɗaya gaba da inda wutar take ci. Ƙaramin garwashi ya faɗa cikin busasshen ganyen da ya taru a indararo, ko ya shige ta kafar iskar da ke ƙarƙashin rufi, kuma tun da gidajen nan da katako ake ɗaga su, ba da bulo ba irin namu na gida, kafin a ankara wuta ta kama daga ciki.

Saboda haka ka fara daga jikin bango. Ƙafa biyar na farko a kewayen gidan su kasance babu abin da wuta za ta ci: ka kwashe ɓawon itacen da ake zubawa a gindin furanni ka zuba tsakuwa, ka share rufi da indararo, ka rufe kafofin iska da ragar ƙarfe mai ƙananan idanu, kamar milimita 3. Itacen hura wuta ka kai shi nesa, aƙalla mita tara. Abin da na ga mutane sun fi mantawa da shi shi ne shingen katako da yake manne da gida, wanda idan ya kama daga can ƙarshen fili zai jawo wutar har jikin ɗaki. Ka cire sashen da ya taɓa bango ka sa ƙofar ƙarfe.

Maman Ilham:

Baban Sadik, ni maganar Hajiya ce ta fi damuna. A gobarar da ta cinye garin Paradise da ke arewacin Kalifoniya a watan Nuwambar 2018 mutum 85 suka rasu, akasarinsu tsofaffi, wasu ma a cikin motocinsu wutar ta riske su. Hukuma takan fara ba da gargaɗi kafin ta ba da umarnin ficewa, kuma wanda yake da tsohuwa da yara bai kamata ya jira umarnin ba. Ka yi rajistar lambar wayarka da tsarin sanarwar gaggawa na gundumarku, ka haɗa jaka ɗaya da fasfo, takardun gida da na inshora, magungunan Hajiya da takunkumin N95 saboda hayaƙi. Duk ranar da aka sanar da iska mai ƙarfi, musamman busasshiyar iskar da ake kira Santa Ana, mota ta kwana da mai kuma tana fuskantar titi. Ku koyi buɗe ƙofar gareji da hannu, kai da maiɗakinka, domin kamfanin lantarki yakan ɗauke wuta da gangan a irin waɗannan ranaku.

Ɗan Abalak:

Ban san Amurka ba, amma a makiyayar jihar Tawa ta Nijar, da zarar damina ta ɗauke, akan share dogayen filaye a tsakiyar ciyawa domin wutar daji ta mutu idan ta iso inda babu abin ci. Aikin gayya ne, kuma ina ganin haka yake a wurinku, tun da sharar filinka ba za ta wadatar ba idan na maƙwabcinka cike yake da busasshiyar ciyawa. Ka same su ku sa rana ɗaya.

Baban Sadik:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba ɗazu, shingenmu na katako ne kuma a manne yake da bangon ɗakin da Hajiya take kwana. Ranar Asabar in sha Allahu zan cire wannan sashen, jakar kuwa yau da dare za mu haɗa ta.