Faifan garmaho ko zauren rawa: wanne za a bi wajen farfaɗo da tsohon kiɗan Balin?

Mai gyaran faifai: Jama'a, ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Ƙungiyoyin da ke farfaɗo da kiɗan rawa na Jamus na shekarun 1920 zuwa farkon 1930, irin su Palast Orchester da mawaƙi Max Raabe ya kafa a Balin, babban birnin Jamus, a 1986 tare da abokan karatunsa, kullum da faifan garmaho ake auna su. Wai wanda ya fi kama da faifai shi ya fi gaskiya. Ni ban yarda ba. Faifai shaida ne na abin da na'ura ta iya ɗauka, ba abin da masu rawa suka ji ba. Kafin 1925 ba a ɗaukar faifai da makirfo. Makaɗa sukan cunkushe gaban wani ƙaton mazurari, ƙarfin sautinsu ne kaɗai ke motsa allurar da ke yanka kaki. Ƙasan sauti da samansa duk sai su ɓace. Babbar ganga takan sa allura ta yi tsalle, sai mai ganga ya koma bugun katako da farantin ƙarfe na kiɗa. Har goge sai da aka maƙala masa ƙahon ƙarfe. A ganina banjo, mai kama da jita, da tuba, wato ƙaton ƙaho mai kaurin murya, su ma na'ura ce ta kawo su. Wanda ya kwaikwayi wannan, gazawar inji ya kwaikwaya.

Mai ƙaho: Malam, a yi hattara. Yawancin faya-fayen da ake koyi da su an ɗauke su ne bayan zuwan makirfo, daga 1926 zuwa 1933. Kuma banjo da tuba ba na'ura ce ta kawo su ba. Zaure ne mai ɗaruruwan mutane suna jan ƙafa a daɓe, babu lasifika, jita ba ta kai wa bango, banjo kuwa tana kaiwa. In ka ajiye faifai, me ya rage maka? Takardun kiɗa da ake bugawa ana sayarwa. Su kuwa an tsara su ne yadda mutum uku za su iya kaɗawa, goma sha biyu ma za su iya, shi ya sa ake cusa ƙananan alamomi a takardar mai fiyano don ya cike gurbin wanda babu. Manyan ƙungiyoyi kamar ta Marek Weber da ta Dajos Béla ba haka suke kaɗa su tsurarsu ba. Yadda mai saksofon ke karkaɗa sauti, da inda ake toshe bakin ƙaho, da yadda ake datse sauti gajere, babu takardar da ta rubuta su. A faifai kawai suke.

Mai gyaran faifai: Na karɓi maganar banjo, ka fi ni gaskiya a nan. To amma wane faifai, a wane sauri? An ce juyi 78 a minti, alhali wasu kamfanoni a 80 suka yanka, wasu ƙasa da 78. Tsakanin 78 da 80 akwai kusan rabin ƙaramin mataki na tsayin sauti. Ƙara da cewa ma'aunin da aka fi bi a lokacin wajen daidaita sautin kayan kiɗa karkaɗawa 435 ne a daƙiƙa, sai a taron Landan na 1939 aka tsaya a kan 440. Mai rubuta kiɗa daga faifai in bai gyara wannan ba, sai ya rubuta a matakin da babu mai kilarinet da zai zaɓa, yatsu su yi ta sarƙewa, saurin rawar ma ya karkace. Gyaran shi ne a rage ko a ƙara juyi har kiɗan ya zauna a matakin da kayan busa suka saba. Allura ma sai mai kauri, wajen ninki uku zuwa huɗu na ta faifan zamani, domin siririya takan nutse ƙasan rami ta kwaso ƙara.

Malamar waƙa: Ku biyun kuna ta batun sauti, kun tsallake babban sauyin. A faifan rawa na wancan zamani mawaƙi ba shi ne mai gida ba. Faifai mai inci goma minti uku ne da 'yan daƙiƙu. Makaɗa su buɗe, su kaɗa amshi mai gaɓa 32, sannan mawaƙi ya shigo ya rera amshi sau ɗaya, kamar daƙiƙa arba'in, ya koma gefe. Sau da yawa ko sunansa ba a sa a jikin faifai, sai dai a rubuta cewa akwai amshi da murya. Yau kuwa mawaƙi ne a tsakiya daga farko har ƙarshe, mutane suna zaune a kujeru. Ban ce laifi ba ne, Raabe ya yi karatun waƙar ofera kuma lafazinsa tsaf yake, kowane harafi yana fita. Amma tsarin ya fi kusa da kabare, wato wasan waƙa da barkwanci a gaban 'yan kallo, inda kalma ce jari.

Mai ƙaho: Hajiya, ai dole ce ta sa. Wa zai sayi tikiti ya zauna awa biyu yana jiran amshin daƙiƙa arba'in?

Malamar waƙa: Haka ne, Malam. To tunda an ɗauki tsarin kabare, a ɗauki nauyinsa. Waƙoƙin nan da masu su. Fritz Grünbaum, marubucin waƙa, a sansanin 'yan Nazi na Dachau ya rasu a 1941. Willy Rosen da Kurt Gerron, 'yan wasan kabare, an kashe su a sansanin Auschwitz a 1944. Ƙungiyar mawaƙa ta Comedian Harmonists mutum shida ne, uku Yahudawa, 'yan Nazi suka raba su a 1935, shekarar da aka hana kiɗan jaz a rediyon Jamus. Weber da Béla duk sun bar ƙasar a 1933. Ƙungiyar da ke faɗin sunan marubuci da mai tsara kiɗa da shekara kafin kowace waƙa, kamar yadda Raabe ya saba, ta yi abin da ya dace. Wadda ta tsaya ga baƙar kwat da man gashi ta bar rabin aikin.

Mai ganga: Ku ba ni dama in sa baki ta wajen aiki. Inda aka fi ɓata kiɗan nan yau ba a faifai ba ne, a teburin mai haɗa sauti ne. Ya sa wa kowane kaya makirfonsa, ya ɗaga ƙasan sauti kamar na kiɗan zamani, sai tuba ta danne banjo, rawar ta yi nauyi. Makaɗa goma sha biyu su ne ke daidaita kansu: masu ƙaho a baya da matoshi, masu saksofon uku a gaba su zama murya ɗaya, mai goge kusa da fiyano. Makirfo biyu a gaba da ɗaya na mawaƙi sun wadatar a matsakaicin zaure. Ganga kuwa a ɗaura mata fatar maraƙi, ba roba ba. Tana saki in akwai laima, sai an riƙa ɗaure ta, amma bugunta gajere ne mai taushi, ba ya rufe kowa. Faranti a buga a kama shi da hannu nan take.

Mai gyaran faifai: To babbar gangar fa, a buga ko a bari?

Mai ganga: A buga, ranka ya daɗe, a nan kai ke da gaskiya. A zaure ana buga ta, masu rawa da ita suke taka ƙafa. Sai dai a hankali, a kan bugu na ɗaya da na uku tare da tuba, yadda za a ji ta a daɓe kafin a ji ta a kunne.