Wace kalma zan sa wa "construction" kafin labaran ƙarfe bakwai?

Rabi: Jama'a a taimaka. Ina fassara labarin layin dogon Kano zuwa Maraɗi, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2021. Construction ta fito sau huɗu ban da kanun labarin, kuma "gini" ya ƙi zama a ko'ina. Ƙarfe bakwai za a karanta.

Malam Sani: Ƙanwata, layin dogo shimfiɗa shi ake yi, kamar kwalta. Tasha da gada su ake ginawa. Rijiya a haƙa ta, tarago a ƙera shi. Dubi abin da ake yi a kowace jimla, ki ba shi aikatau ɗinsa.

Rabi: Na gode Malam. Inda aka jingina ta ga Mota-Engil, kamfanin da aka ba kwangilar, fa?

Malam Sani: Kamfanin gine-gine.

Auwalu: Abin da ke damuna ke nan. Bature kalma ɗaya, mu biyar. Na daɗe ina cewa a karɓi "ginayya", kamar sayayya da tarayya, a huta.

Barista Hadiza: Malam Auwalu, ginayyarka ba za ta shiga kotu ba. A wurinmu construction ita ce yadda alƙali ke fassara kalmomin yarjejeniya ko doka. Na ji wani tafinta ya ce "ginin kwangila", dattijon da ake ƙara ya miƙe yana rantsuwa shi ko bulo ɗaya bai aza ba.

Malam Sani: A nahawu kuma muna da ginin jimla. A darasin lissafi, zana kusurwa ce da kamfas da rula.

Auwalu: Ai ginin jimla ni yake goya wa baya! Kamfani, kwangila, kamfas, duk aro. Ba ma kishin harshenmu.

Isuhu (Maraɗi): Harshen da ya raba shimfiɗa da ƙira ai shi ne mai arziki. Tsohuwata da rediyo take kwana, in ta ji ginayya ba za ta san jirgi ake kawo mata ba.

Auwalu: Ku masu cewa lakwal maimakon makaranta ne za ku koya mana Hausa?

Barista Hadiza: Haba, a bar wannan. Mu ba furamare muke cewa ba?

Rabi: Saura minti 20. Na sa shimfiɗa sau biyu, gina tashoshi, sai kamfanin gine-gine. Kanun labarin kawai ya rage.

Malam Sani: "Aikin layin dogo."

Auwalu: Aiki ai komai ma aiki ne. Ki sa dai, tunda lokaci ya ƙure, amma ni ban janye ginayya ba.