Neman shawara: ƙafafuna na mutuwa a kilomita 22, ga gudun fanfalaki saura mako 14

Baban Ilham:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema. Na yi rajistar gudun fanfalaki karo na farko, cikakken kilomita 42, saura mako 14. Shekaruna 38, nauyina kilo 72. Ina fita sau huɗu a mako, jimilla wajen kilomita 40. Rabin fanfalaki kuwa na gama shi a awa 2 da minti 5, wata biyu da suka wuce. Matsalar a dogon gudun ƙarshen mako take. Sau uku ke nan ina niyyar kilomita 26, da na kai 21 ko 22 sai ƙafafu su yi nauyi kamar an ɗaura musu bulo, jiri ya ɗebe ni, sharaɓa ta fara ɗaurewa, in ƙarasa gida da tafiya. Minti 6 nake yi a kowace kilomita, ba na cin komai kafin in fita, ruwa kawai nake riƙewa. Akwai kuma ɗan ciwo a ƙwaurina na hagu. Me nake yi ba daidai ba? Kuma dole ne sai na taɓa gudun 42 ɗin a atisaye kafin ranar?

Malam Mai Agogo:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, amsar tana cikin lambobin da ka bayar. Awa 2 da minti 5 a kilomita 21.1 na nufin minti 5 da sakan 55 a kowace kilomita, kuma wannan iyakar ƙarfinka ne a ranar gasa. Kai kuma kana dogon gudu a minti 6. Ashe duk mako gasar rabin fanfalaki kake sake yi, sannan kana mamakin ƙarewar mai daidai inda waccan gasar ta ƙare.

Ga lissafin. Ninka lokacin rabin sau biyu, ka ƙara minti 15 zuwa 25 tunda karon farko ne. Zai ba ka kamar awa 4 da rabi, wato minti 6 da sakan 24 a kilomita ranar gasa. Dogon gudun atisaye ya kamata ya gaza wannan sauri da sakan 30 zuwa 60, ke nan ka riƙa yin sa tsakanin 6:55 da 7:20. Ma'aunin da ba ya buƙatar agogo: ka iya faɗin jimla cikakkiya ba tare da numfashi ya yanke maka magana ba. In sai kalma biyu-biyu kake fitarwa, ka yi sauri da yawa.

Makon farko za ka ji kamar ba gudu kake yi ba, har ka ji kunyar masu wuce ka. Ƙyale su. A wannan sassaucin ne jiki ke koyon ƙona kitse ya tattala sukari, jijiyoyi da ƙashi kuma su saba da daɗewa a kan ƙafa.

Batun 42 a atisaye kuwa, a'a. Jiki na iya ɗaukar mako biyu zuwa uku kafin ya farfaɗo daga irin wannan nisa, kuma duk atisayen waɗannan makonni ka yi asararsa.

Maman Sadik:
Na yarda da Malam, amma da sauran rina a kaba, domin jirin nan na yunwa ne. Jiki yana ajiye sukari a tsoka da hanta, wanda ake kira gilaikojin. In rumbun ya cika taf, bai wuce kalori 2,000 ko kusa da haka ba. Gudu kuma yana cin kusan kalori ɗaya a kowane kilo na nauyinka a kowace kilomita. Kai mai kilo 72, kilomita 42 za ta ci maka wajen 3,000. Kitse na cike wani ɓangare, amma a hankali yake ƙonewa, kuma gwargwadon saurinka gwargwadon yadda jiki ke komawa kan sukari. Shi ya sa mutane da yawa ke karo da abin da 'yan gudu ke kira bango tsakanin kilomita 30 da 35. Naka bangon ya matso zuwa 22 ne saboda ka haɗa sauri da fita ba karin kumallo, alhali hanta ta kwana tana ciyar da ƙwaƙwalwa daga ajiyarta.

Awa 2 zuwa 3 kafin ka fita, ka ci abu mai sitaci marar maiƙo, kamar burodi da zuma da ayaba, wajen giram 70 zuwa 100 na kabohaidiret. In asubanci ba zai bari ba, ko ayaba ɗaya ce da rabin kofin ruwa minti 30 kafin fita ta fi babu. A kan hanya kuma, duk gudun da zai wuce minti 90, kana buƙatar giram 30 zuwa 60 a kowace awa. Ƙunshin jel ɗaya (sukari mai kauri da 'yan gudu ke tsotsa a hanya) yakan ɗauki giram 20 zuwa 25, ayaba matsakaiciya ma kusan haka. Ka fara a minti na 40, sannan duk bayan minti 30. Kada ka jira sai ka ji rauni, don kafin abin ya narke ya shiga jini ka riga ka zube.

Baban Ilham:
Na gode ƙwarai Hajiya. Sai dai na taɓa gwada jel sau ɗaya, cikina ya murɗa har sai da na tsaya. Shi ya sa na haƙura da shi.

Maman Sadik:
Galibi abu biyu ke jawo wannan. Ko dai an sha jel ba a kora da ruwa ba, sai sukarin mai kauri ya zauna a hanji yana janyo ruwa daga jiki, ko kuma an sha shi ana tsaka da haki, lokacin da jini ya bar ciki ya koma ƙafafu. Ka bi kowane jel da kurɓi huɗu ko biyar na ruwa zalla, ba da lemon 'yan wasa ba, don sukari a kan sukari ke nan. Ka fara da rabin ƙunshi. Hanji ma saba masa ake yi: giram 30 a awa a makonni biyun farko, sai 40, sai 50. In jel ya ƙi ka gaba ɗaya, haɗa naka: lita ɗaya ta ruwa, sukari giram 60 (kusan babban cokali 5), gishiri rubu'in ƙaramin cokali. Daren da za ka wayi gari ka yi dogon gudu kuma ka rage wake, ganye mai yawa da yaji.

Kawu Ɗan Tsere:
Ga jerin dogon gudu na mako 14, a kilomita: 20, 22, 24, 17, 25, 27, 19, 28, 30, 21, 30, 20, 13, sai gasa. Ka lura da 17, 19 da 21. Makonnin sauke kaya ne, kuma ba ragwanci ba ne, a nan jiki ke gina abin da aka rushe. Mai tsallake su shi ne yake kwanciya da ciwo a mako na tara.

Abin da ya fi damuna a bayaninka shi ne kilomita 26 cikin jimillar 40. Kusan kashi biyu cikin uku na aikin mako ka jibga shi a rana guda. Ka ɗaga jimillar a hankali zuwa 55 ko 60, kada ƙarin mako ya wuce kashi 10 cikin 100, kuma ka sa gudu ɗaya na kilomita 12 zuwa 14 a tsakiyar mako. Wannan na tsakiyar shi ke sa na ƙarshen mako ya daina zama azaba. Daga mako na takwas, ka yi kilomita 5 zuwa 8 na ƙarshen dogon gudun a saurin gasa, 6:24 ɗin nan, mako ɗaya a yi, mako ɗaya a bari, don ƙafa ta san saurin a gajiye.

Gudun 30 na ƙarshe ya kasance saura mako uku cif. Bayansa ka rage jimilla zuwa kashi uku cikin huɗu, sai rabi, makon gasa kuma fita biyu ko uku gajeru. Duk dogon gudun da ka cusa cikin kwana 10 na ƙarshe ba zai ƙara maka ƙarfi ba, gajiyarsa ce kawai za ta bi ka layin farawa.

Malam Mai Agogo:
Kawu, a gafarce ni, ina da ja a kan 30 sau biyu. A minti 7, kilomita 30 awa 3 da rabi ce a kan ƙafa. Wanda ke yin minti 5 zai gama ta a awa 2 da rabi, don haka lambar ɗaya ce amma wahalar ba ɗaya ba. Bayan awa 3 tsayuwar jiki takan lalace, ƙugu ya zauna, ƙafa ta riƙa faɗuwa da nauyi, ribar ta ragu, haɗarin rauni ya ƙaru. Ga mutum da tuni ƙwaurinsa ke ƙorafi. Ni a ganina a tsaya a awa 3 zuwa 3 da kwata, ko nawa ta bayar, 26 ko 28.

Kawu Ɗan Tsere:
Maganarka na kan hanya, Malam. Amma wanda zai yi awa 4 da rabi ranar gasa yana buƙatar ya ɗanɗana awa 3 da rabi ko sau ɗaya ne, ko don zuciya ta san ba mutuwa ake yi ba. Mu raba: mako na tara ya tsaya a awa 3 da kwata, 30 ɗin ta zama sau ɗaya a mako na 11, in ƙwaurin ya yarda. Yana iya tafiya ta minti ɗaya duk bayan gudun minti 9 tun daga farko, ba sai ya gaji ba.

Anti Fisiyo:
Malam Baban Ilham, kafin ka ɗauki jadawalin kowa, duba ƙwaurin nan. Zauna ka bi gefen ƙashin na ciki da yatsa daga idon sawu zuwa sama. In ciwon a bazu yake, tsawon tafin hannu ko fiye, yana tashi a farkon gudu ya lafa in jiki ya ɗumama, to yawanci kumburin inda tsoka ta manne da ƙashi ne. Rage nisa da kashi ɗaya cikin uku na mako ɗaya ko biyu, ka guji gangara da kankare, ka koma kan ƙasa ko ciyawa, ka cike gurbin da keke ko ninƙaya. Ƙara da ɗaga diddige a bakin matakala, sau 15 zagaye uku, kwana uku a mako, kana saukowa a hankali.

In kuwa ciwon wuri ɗaya ne da kan yatsa zai rufe, yana ƙaruwa yayin da kake gudu, kana jin sa in ka yi tsalle da ƙafa ɗaya, ko yana damunka da dare a kwance, ka dakata ka ga likita. Alamar tsagewar ƙashi ce ta yawan aiki, kuma sau da yawa hoton ƙashi na farko a asibiti ba ya nuna ta sai bayan mako biyu ko uku. Warkewarta kan ci mako 6 zuwa 8, in aka ci gaba da taka ta ya fi haka.

Kuma don Allah kada ka sha ibuprofen ko diclofenac don ka samu ka fita. Suna rufe ciwon da ke gargaɗinka, suna kuma takura ƙoda da ciki daidai lokacin da jiki ke ƙarancin ruwa.

Abu Hanif:
A kan ruwa: auna kanka. Hau sikeli ba kaya kafin ka fita, yi gudun awa ɗaya, goge gumi ka sake hawa. Kilo ɗaya da ya ragu lita ɗaya ce, sai ka haɗa da abin da ka sha. Misali daga 72 ka koma 71.2, ka kuma sha mililita 400, guminka lita 1.2 ke nan a awa. Ba sai ka mayar da duka a kan hanya ba, yawancin mutane tsakanin mililita 400 da 800 a awa cikinsu ke ɗauka. Ka dai yi ƙoƙari kada ragin ya zarce kashi 2 cikin 100 na nauyinka da yawa, wajen kilo ɗaya da rabi a wurinka.

Kada kuma a yi gudun gara a faɗa gidan zago. Masu daɗewa a hanya, awa 4 zuwa sama, su ne suka fi faɗawa matsalar ɗirkar ruwa fiye da kima har gishirin jini ya tsinke. Alamunta ciwon kai, tashin zuciya, ruɗewa, yatsu su kumbura har zobe ya matse. Wanda ya gama gudu ya fi nauyin da ya fara da shi, ya sha da yawa.

Ɗaurewar sharaɓa kuma kowa gishiri yake ɗora wa laifi, alhali sau da yawa gajiyar tsoka ce da aka tilasta wa saurin da ba ta saba ba. Ka rage sauri tukuna ka gani. In kana ganin farin gishiri ya bushe a hularka da gefen fuska, to sai ka ƙara shi a abin shanka.

Baban Ilham:
Allah ya saka da alheri. Na gwada abin da Anti ta ce, ciwon a bazu yake, tsalle ma bai tayar da shi ba. Saura takalmi: nawa ya yi wajen kilomita 600. In sayi sabo yanzu, ko in ajiye sabon sai ranar gasa?

Kawu Ɗan Tsere:
Ba a fafe gora ranar tafiya. Sayi yanzu. Takalmin gudu kan mutu tsakanin kilomita 500 da 800, naka kuma zai ƙara wasu 600 ko fiye kafin ranar, ba mamaki ma yana da hannu a ciwon ƙwaurin. Ka gwada shi da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, sanye da safar da za ka yi gudu da ita, ka bar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsanka mafi tsawo da bakin takalmin, in ba haka ba farce zai yi baƙi ya fita. Ka riƙa musanya shi da tsohon na mako biyu. Safar auduga tana riƙe gumi ta jawo bororo, nemi ta roba-roba. Gudun mako na 11 ka yi shi tamkar ranar gasa: takalmin, safar, rigar, karin kumallon, jel ɗin, har da lokacin fita. Shafa basilin a matsematsi da hammata, ka manna filasta a kan nono, don bayan awa uku rigar da ta jiƙe takan goge wurin har ya yi jini.