Kuna tura folda ɗin build zuwa Git ko kuna barin ta a waje?

Mai Kod na Fagge:
Salam 'yan uwa. A wajen aikinmu gardama ta kaure kan dist da build, wato foldodin da ake zuba fayilolin da aka harhaɗa daga kod, wasu sun ce a riƙa komit ɗinsu (adana su a Git, mai ajiye tarihin kod) tare da kod, ni kuma raina bai kwanta ba. Don Allah kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa.

'Yar Zazzau:
Wa alaikumus salam Malam, kar ku fara wallahi. Na gaji wata manhajar Flutter, wanda ya fara ta duk sanda ya yi gyara sai ya haɗa da APK (fayil ɗin da ake saka manhajar a wayar Android da shi) ya tura. Ranar da na zo yin clone, wato sauko da kwafin aikin, datana ta ƙare tas, ga netwok yana yankewa, kuma shi git clone in ya katse ba ya ɗorawa daga inda ya tsaya, daga farko za ka koma. Muka goge fayilolin muna murna ashe nauyin na nan daram, tunda Git na riƙe da kowane tsohon kwafi a tarihi, APK kuma dama a matse yake, kusan kowanne da cikakken nauyinsa yake zama. Sai da muka wanke tarihin da git filter-repo, kowa ya sake clone.

Abban Hanifa:
Ni rikicin merge, wato haɗa gyare-gyaren mutane waje ɗaya, shi ne ya ishe ni. Mutum biyu sun yi build, fayil ɗin JavaScript ya dunƙule ya koma layi ɗaya mai tsawon tsiya, wa zai karanta wannan ya raba gardama? Wanda ya fi ciwo ma, wani abokin aiki ya gyara kod ya manta bai sake build ba, muka wuni muna farautar matsalar da an riga an gyara, saba (server) kuwa tsohon dist take ta nuna wa kwastoma.

Ɗan Maraɗi:
Yaya ina da ja kaɗan. Kwastomomina yawanci ƙaramin hostin mai cPanel suke iya biya, wanda nake amfani da shi babu Node a kai, da shi kuwa ake build ɗin, dole na yi build a laftof ɗina na tura sannan na ja da git pull. Amma reshe daban na ware masa, ba ya taɓa babban reshe, wato main. Kuma wanda ya taɓa rubuta action na GitHub (aikin da GitHub ke gudanarwa da kansa) da JavaScript ya san ana komit ɗin dist, don daga rifo ɗin (ma'ajiyar kod) kai tsaye ake gudanar da shi, ba mai yi maka npm install ya sauko maka da laburaren da yake buƙata.

'Yar Zazzau:
Wannan uzuri ne karɓaɓɓe ɗan uwa. Amma APK dai a Releases ya dace, wato sashen GitHub na ajiye fayilolin da aka fitar, can fayil ɗaya na iya kaiwa kusan 2GB, a cikin rifo kuwa GitHub na gargaɗi daga 50MB, ya wuce 100MB ya ƙi karɓa. package-lock.json, mai riƙe da sigogin laburaren da aikin ke amfani da su, shi kam a tura shi.

Mai Kod na Fagge:
Na gode ƙwarai. Na sa dist a .gitignore, jerin abin da ake so Git ya ƙyale, amma har yanzu Git na bin sa, me ya rage?

Abban Hanifa:
.gitignore ba ya aiki kan abin da aka riga aka yi komit. Buga git rm -r --cached dist sannan ka yi komit, amma ka fara sanar da mai kula da saba, don in ya ja folda ɗin za ta ɓace a wajensa.