Musayar Baiti: Miliyoyin Kocin Jami'a a Amurka

Malamin Aji:
Salamu alaikum jama'a. Ga abin da za mu ja a kai yau: albashin masu horar da ƙwallon Amurka a jami'o'insu. Ƙwar huɗu na ɗauko, babban amsa-amo "ba". Wanda ya ga zai iya, bisimilla.

Da sunan Ilahi nake fara zance,
Batun masu horo na so kar a mance,
A Jojiya koci yana nan a kwance,
Dala miliyan 13 a shekara, bai gaji ba.

Ku duba mini shugaban ƙasar da kansa,
Dubu 400 ne a shekara rabonsa,
Farfesa na fama da tulin takardunsa,
Ko ƙurar motar koci bai hango ba.

Gidan nan sunansa gidan karatu,
An gina shi don bincike da rubutu,
Yau mai jan atisaye shi ke da batu,
Wannan lissafi ni bai shige ni ba.

Ɗan Ohayo:
Wa alaikumus salam Malam. Da ka taɓa ganin Kolombus, garin jami'ar Ohio State, ranar Asabar ɗin wasa, mutum sama da 100,000 a fili guda, da ka sassauta.

Malam, aje alli ka zo ka zauna,
Kirby Smart ne kocin, bari in kama suna,
Kofin 2021 da na 2022 ya nuna,
Biyu a jere, kai ba ka ambata ba.

Kuɗin talabijin ne, ba na makaranta,
Big Ten ta sai da wasanninta ta huta,
Sama da biliyan 7, shekara 7 aka rubuta,
Aljihun farfesanka ba a taɓa shi ba.

Bazazzagin Ditiroit:
Kai Bakano, Jojiya a rukunin jami'o'i na SEC take, ka kawo mana cinikin wani rukunin daban, Big Ten. Haka kuke yi a Kwari, a tambayi shadda ku miƙo atamfa.

Gwaggo Mai Carbi:
Ɗana na Ohayo, sannu da ƙoƙari. Ka kawo wanda ya ci kofi, ni bari in kawo wanda ya ci kuɗi. Ƙwar biyu zan yi, numfashin tsohuwa ba ya kai huɗu.

Jimbo Fisher, Texas A&M ta ɗauko,
A 2017, da ganga da tambura.

Miliyan 75 aka sa wa hannu,
Shekara 10, kofin ƙasa ake jira.

Kofin bai zo ba, sai suka zauna,
A 2021 suka ce a ƙara.

Ya koma 95, ɗana ka ji fa,
Tukuici tun ba a ga an gyara.

Nuwamban 2023 haƙuri ya ƙare,
Aka miƙa masa takardar kora.

Sama da 75 zai karɓa yana gida,
Nuna mini kofin da kuɗin ya tara.

Hajiyar Maraɗi:
Allah ya ja kwana Gwaggo! Magana ta ƙare, a naɗe tabarma.

Ɗan Ohayo:
Hajiya, ba a naɗe ba tukuna. Gwaggo ina gaisuwa, amma kin yi tsallake.

Gwaggo kin manta kakar 2020,
Wasa 10 ya buga, ya lashe 9.

Kuma sashen wasa da attajiransu,
Su za su biya, ba ɗalibi ya tara.

In mai kuɗi ya so ya ƙona kuɗinsa,
Mene ne na Gwaggo a ciki har da ƙara?

Gwaggo Mai Carbi:
Kaka 6 ya yi, ɗaya ka tsinto,
Ka rungume ta, ka zubar da saura.

2022 fa? Ya ci 5, an ci shi 7,
A nan ne muryarka ta daina ƙara.

Ka je Amurka ka koyo gardama,
Ladabin gida ka bar shi a shara.

Injiniyan Tuskalusa:
Gwaggo Allah ya ƙara girma, ni ba zan yi miki rashin kunya irin ta Ɗan Ohayo ba. Amma wanda duk zai yi maganar nan bai ambaci Nick Saban ba, bai fara ba. Shugaban rukunin jami'o'in Alabama na lokacin, Robert Witt, da bakinsa ya ce ba su taɓa zuba jarin da ya kai ɗauko Saban riba ba. A kakarsa ta ƙarshe, 2023, albashinsa ya haura miliyan 11, kuma ni ban ga ko sisin da bai cancanta ba. Ga ƙwar biyar:

Gwaggo ki ji, Saban ya zo a 2007,
Kofin ƙasa 6 ya kai Alabama, ba ɗaya kawai,
Haɗa da nasa na jami'ar LSU ki ƙirga, sun zama 7,
Ɗalibai daga 25,000 sun doshi 40,000, akwai
Ribar da ta fi wannan? Ban gani ba.

Sarkin Aruli:
Na yi shiru na yi shiru, amma wannan ba zan iya haɗiye shi ba. Injiniya, ɗangonka na huɗu gaɓa 23 ne in an karanta lambobin da baki. Wane bahari ne ke ɗaukar wannan kaya? Sannan 2007 da 7 duk "bakwai" suke ƙarewa, kalma ɗaya ka maimaita ka kira ta amsa-amo. Malamin Aji kuma, ɗangonka na farko Mutaƙarab ne tsaf, fa'ulun sau huɗu, na ji daɗinsa. Daga na huɗu ka saki layi ba ka dawo ba. Shi kuwa "ba" da ka zaɓa, amsa-amon ragwaye ne, kowace jimla ka kore ta sai ta faɗo a kai.

Injiniyan Tuskalusa:
Sarki, kai ƙirga gaɓa, ni in ƙirga kofi,
Ka zauna da fa'ulun kana ta ƙorafi,
Tun da aka fara ba ka sa ko harafi,
Sai jan biro a aikin mutane da zafi,
Naka baitin har yanzu ba mu gani ba.

Sarkin Aruli:
Ina nan da baiti, tsaya kar ka ruɗe,
Idan za ka auna, ka zo nan a buɗe,
Awon naka, ɗan nan, ƙafa tai ta gurɗe,
Saban ma da kansa ba zai gyara shi ba.

Sa yatsa ka bi shi gaɓa-gaɓa. In ka sami inda ya karye, na sauka daga sarautar.

Hajiyar Maraɗi:
Sarki, ka gama zagin "ba" sai ga ka ka rufe da ita. Kuma makaɗanmu na baka wa ya koya musu fa'ulun? Kalangu da kotso ke yi musu awo, kuma har gobe ana sauraronsu.

Sarkin Aruli:
Hajiya, na bi dokar mai gida ne, shi ya kafa "ba". Waƙar baka daban, rubutacciya daban. Tun malaman jihadi a ƙarni na 19 rubutacciyar waƙar Hausa a kan aruli take tafiya. Wanda ke son kalangu ya kawo kalangu, a nan alƙalami muka riƙe.

Hajiyar Maraɗi:
To me ya sa ba ka auna na Gwaggo ba? Tsoro?

Sarkin Aruli:
Girmamawa.

Malamin Aji:
Jama'a don Allah, albashin koci muke magana.

Bazazzagin Ditiroit:
Yauwa Malam, ga kocin Ohio State, abokiyar hamayyar Mishigan ɗinmu.

Bakano, bar Jojiya, mu zo gidanka,
Ryan Day ne kocin da ke cin kuɗinka,
Shekara 4 a jere Mishigan ta doke ka,
2021 har 2024, ba ka farfaɗo ba.

A filinku muka ci ku 13 da 10,
Kuka fita shiru, kowa gida ya koma,
Sai ga albashin koci ya ƙara yin sama,
Miliyan 12 da rabi, bai ji kunya ba.

Ɗan Ohayo:
Bazazzagi ka yanke labari a tsakiya,
Bayan wasan nan wa ya ɗau kofi? Faɗi gaskiya,
Notre Dame ta sha 34 da 23 a idon duniya,
Janairun 2025, ku ko gasar ba ku shiga ba.

Ku da aka kama da satar alamun wasa,
Aka dakatar da kocinku Harbaugh wasa 3, ya yi nisa,
Ya ɗau kofi ya tafi Chargers ta ƙwararru ya bar ku a ƙasa,
Zazzau, ko kunyar Kano ba ku ji ba.

Bazazzagin Ditiroit:
Wasa 15 muka buga a kakar 2023, 15 muka ci. Ka sa wannan a baiti in ka isa.

Injiniyan Tuskalusa:
Ɗan Ohayo, baitin nan naka na biyu ya yi. Sarki ya zo ya auna shi mu gani.

Sarkin Aruli:
Ba na auna abin da ba shi da ƙafa.

Nas ɗin Dare:
Afuwan na makara, sai yanzu na sauka daga aiki. Na karanta tun daga sama, kowa koci yake kira, ba wanda ya tuna da masu bugawar.

Kuna ta koci, koci, wa ke shan karo?
Wa ake fitarwa a kan gado gaban taro?
Gwiwa ta tashi aiki, kai ya bugu, yaro
Shekara da shekaru albashi bai gani ba.

Dokar NCAA, hukumar wasan jami'o'i, ta ce ɗan wasa ɗalibi ne,
Karatu da ɗaki da abinci, rabonsa ne,
Kuɗin da ya rage na koci da gine-gine ne,
Shi ya kumbura albashin, ba yawan kofi ba.

Da aka ƙayyade wa ƙananan kocin kwando albashi,
Dala 16,000, suka kai ƙara da fushi,
A 1998 kotu ta ce a soke shi,
Na yaro kuwa ba a ga laifin ƙayyadewa ba.

Sai 2021, Kotun Ƙoli, alƙalai 9 baki ɗaya,
Suka ce da NCAA kin wuce gona da iri, tsaya,
2025 aka yi sulhu, biliyan 2.8 kuɗin baya,
Dabo Swinney da ya ce zai bar aikin, bai bari ba.

Ga wanda bai san Swinney ba: kocin Clemson ne, ya ci kofin 2016 da na 2018. Ya taɓa cewa ranar da aka fara biyan 'yan wasa zai nemi wata sana'a. A 2022 ya sa hannu a kwantiragin miliyan 115 na shekara 10. Yanzu sulhun nan ya ba kowace jami'a damar raba wa 'yan wasanta kusan miliyan 20 da rabi a shekarar farko, kuma yana nan daram a kujerarsa. Yaya Injiniya, Saban gwani ne, ban musa ba. Amma kasuwar da aka ɗaure hannun mai aiki aka saki na mai sa aiki, farashinta ba ya nuna gwanintar kowa.

Hajiyar Maraɗi:
Ƙanwata kin biya! Mata biyu sun gama da maza huɗu.

Bazazzagin Ditiroit:
Hajiya cire ni a lissafin, ni Bakano kawai na zo yi wa aski.

Injiniyan Tuskalusa:
Ƙanwata sannu da aiki, na ji naki bayani,
Amma karatu kyauta a Amurka ba ƙaramin abu ba ne, ki yi tunani,
Wasu na fita da bashin da zai bi su tsawon zamani,
Yaran Saban da yawa gasar ƙwararru ta NFL ta ɗauke su, kin sani,
Ba a ce koci bai yi musu rana ba.

Nas ɗin Dare:
Yaya, nawa ne NFL ke ɗauka cikin ɗari?
Sauran su koma gida da ɗingishi da haƙuri,
Koci in an kore shi ya tafi da jari,
Yaro in ya karye bai tafi da komai ba.

Sarkin Aruli:
Wannan na ƙarshe na Nas ya fi kusa da awo a duk abin da aka rubuta yau, in aka cire nawa. Injiniya kuma ɗangonka na biyu ya ma fi na ɗazu tsawo. Ci gaba ake nema, kai kana komawa baya.

Injiniyan Tuskalusa:
Ka yabe ta ne don ta taɓa Saban. Mun gane ka, Sarki.

Gwaggo Mai Carbi:
Na idar da salla na tarar kun cika wuri. Injiniya, kai mai ladabi ne, don haka kai zan ba aikin gida.

Charlie Weis, Notre Dame ta sallame shi,
2009, ta bi shi da biya duk shekara.

Har 2015 kuɗi na isa gidansa,
Kusan miliyan 19 ya tattara.

Ana cikin haka Kansas ta ɗauke shi,
Wasa 6 ya ci, 22 aka ci shi, sai kora.

Gida biyu na biyan mutum don ya zauna,
Wace nasara ce a nan za ka zayyana ka tsara?

Ɗauko na'urar lissafinka, ɗana,
Raba kuɗin da wasa 6, muna jira.

Ɗan Ohayo:
Gwaggo ai kuɗin Notre Dame daban, wasa 6 na Kansas daban. Ba a raba wannan da wancan.

Bazazzagin Ditiroit:
Ji mai magana. Wanda ya biya kocin Jojiya da kuɗin Big Ten.

Injiniyan Tuskalusa:
Gwaggo ina bakin aiki, zan amsa da dare in sha Allah, kuma da ƙwar biyar.

Sarkin Aruli:
Turo mini ta gefe in duba kafin ka saki.