Jami'a ta ba 'yata Faransanci, mu karɓa ko ta jira baɗi?

Slm 'yan uwa, shawara nake nema. 'Yata karatun lauya ta nema sai aka ba ta Faransanci, ita dai tana so amma yayana ya dage wai ɓata lokaci ne, tunda Nijar ma sun kori Faransa me za ta yi da shi, gara ta sake zana JAMB. Ni kuma wlh kuɗin fom da na lesin sun ishe ni, karo na biyu kenan.

Malam Sani: Alhaji ka bar ta ta tafi. Tun 1996 Abacha ya ce Faransanci ne harshen hukuma na biyu, aka sa shi a manhaja, amma zaga makarantun gwamnati ka ƙirga malamansa. A tamu shekara uku babu, mai koyar da Turanci ne ke shiga ya rubuta bonjour a allo ya fice. Ga Nijar ga Chadi ga Kamaru ga Benin duk sun zagaye mu, mu kuma ko gaisuwa ba mu iya ba.

Ɗan Maraɗi: Ka gaishe da yaya, ka ce masa sojojin Faransa ne suka tafi a 2023. E, a 2025 an mai da Hausa harshen ƙasa, amma Faransanci da Ingilishi na nan a matsayin harsunan aiki. Takardar haihuwar ɗana da ta likita duk da Faransanci aka rubuta min.

Alhaji na Jibiya: Ciniki da mutanen Maraɗi da Hausa muke yi, ba ma neman tafinta. Amma ranar da na je Kwatano fito da kaya aka miƙo min takardu shafi shida, na riƙe su kamar allon wani, sai da na biya wani yaro ya karanta min, har yau ban san ko duka ya faɗa min ba.

Maman Hanifa: Yaya abu ɗaya, a aji uku ana tura su Ƙauyen Faransanci na Badagry, can Legas, sai ka fara tanadi tun yanzu. Kuma ta haɗa da kwamfuta ta zana DELF, jarrabawar shaidar iya Faransanci, don su ECOWAS a Abuja wanda ya iya da baki suke nema.

Mai tambaya: Na gode. Maman Hanifa, a Badagry ɗin akwai ɗakin kwanan mata daban? Nan ne uwarta za ta tsaya.